Dambe a Bukom, shago a Circle, iyali a Madina: yaya za a raba mako?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 37, ina zaune a Madina Zongo da ke Accra, ƙasar Ghana, ina da shagon gyaran waya a Circle, cikin gari. Da ƙuruciya na yi damben boksin, da na yi aure na bari. Bara na koma wani wurin atisaye a unguwar Bukom saboda tumbi da yawan kasala. Matsalata ita ce abin ba ya ɗorewa. Sai in yi mako uku ina zuwa kwana biyar a mako, in rufe shago ƙarfe shida, ba na isa gida sai wajen goma na dare, yara sun yi barci. Daga nan wuyan hannu ya fara ciwo, uwargida ta ɗaure fuska, ni kuma in yi zuciya in bari har wata biyu. Yaranmu uku, ƙaramar tana goye. Babban, mai shekara tara, ya matsa sai ya bi ni. Ba na son in bar damben, ba na kuma son gidana ya lalace. Ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya raya yara, ya ƙara zaman lafiya a gida.

Ba sai ka bar damben ba. Jadawalin da ka ɗauko shi ya kamata ka ajiye, domin na samari ne masu neman kambu, kai kuwa magidanci ne mai shago da 'ya'ya uku. Bukom da kewayenta wuri ne da ake ƙera zakaru. Daga wannan yanki D.K. Poison ya fito ya zama ɗan Ghana na farko da ya ci kambun duniya a 1975, Azumah Nelson ya biyo sawu a 1984, Ike Quartey a 1994. Yaran da kake tararwa a can wannan hanyar suke son bi. Suna gudu da asuba, su kwanta da rana, su dawo atisaye da yamma, gidajensu kuma tafiyar ƙafa ce. Samuel Takyi yana ɗan shekara 20 ya ciyo wa Ghana tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Muddin da irin waɗannan yara kake auna kanka, kullum za ka ga kamar kwana biyu a mako wasa ne, sai ka ɗauki biyar, jiki da gida su ƙi, ka koma gidan jiya.

Yi lissafin da kanka. Mako uku sau kwana biyar, zuwa goma sha biyar ke nan, sannan ka zauna mako takwas. Wanda yake zuwa sau biyu kacal a mako bai fasa ba, a waɗannan makonni goma sha ɗaya ya je sau ashirin da biyu. Ya fi ka yawan atisaye, hannunsa lafiya, matarsa ba ta fushi. Ƙarfin numfashi kuma yakan fara raguwa tun bayan kamar mako biyu da barin atisaye, don haka zaman wata biyun nan yana cinye kusan duk abin da ka tara.

Abin da muke ba ka shawara shi ne zuwa Bukom sau biyu a mako, da gajeren atisaye a gida sau uku, minti 25 kowanne. Idan zuwa ɗaya ya ci minti 75, duka-duka kana da minti 225 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Dambe yana cikin masu tsanani. Ka ga ta fuskar tumbi da kasalar da suka mayar da kai fage, wannan adadin ya isa har da ragowa.

Kwanakin Bukom kada su yi maƙwabtaka. Bar aƙalla kwana biyu tsakaninsu, misali Laraba da yamma da Asabar da sassafe kafin ka buɗe shago, ko Lahadi da safe idan wurin yana buɗewa, lokacin da yara ke makaranta kuma hanya babu cunkoso. Na safen ƙarshen mako ba ya ɗauke wa iyali dare ko ɗaya, saboda haka dare guda kaɗai za su yi rashinka a mako maimakon biyar. Shi ma daren, ka yanke masa iyaka. A Accra magariba ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara, don haka ka yi salla tukuna, ka shiga atisaye da kayanka a shirye, minti 75 na cika ka kwance bandeji ka kama hanya. Abin da ke kai mutum goma na dare galibi zaman kallon turmin wasu ne da hirar bayan atisaye. Akwai ma wata riba a nan: wanda ya bar tsakiyar gari wajen takwas ya fi samun hanyar asibitin sojoji na 37 zuwa Madina a sake fiye da wanda ya shiga trotro, wato motar haya, ƙarfe shida, don haka wani ɓangare na lokacin atisayen daga cunkoso ka ƙwato shi. Idan kuwa ka samu koci nagari kusa da Madina, zuwan tsakiyar mako ka mayar da shi can, ka bar Bukom ga ranar Asabar.

Amma duk wannan tsari a takarda yake har sai uwargida ta amince da shi. Fushinta ba na banza ba ne, Malam. Mace mai goyo da wasu yara biyu, daga la'asar zuwa goma na dare ita kaɗai ce da girki, da wankan yara, da aikin makaranta, da kukan jaririya, kwana biyar a jere, kuma ba ta san ranar da abin zai ƙare ba. Kana dawowa da gajiya, kana son a ba ka abinci ka kwanta. Ta wajenta, damben ya zama wanda ya ɗauke mata miji ya bar mata aiki. Maganar da Salmanu Farisi ya gaya wa Abu Darda'i, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi, ita ce Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka ma suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa. Abu Darda'i ibada ce ta shagaltar da shi daga matarsa aka yi masa wannan magana, balle wasan motsa jiki.

Ka zaɓi lokacin da hankalinta ke kwance, yara sun yi barci, ba a bakin ƙofa kana riƙe da jakar atisaye ba. Ka fara da amsa cewa kwana biyar ɗin nan sun yi yawa. Ka kawo mata kwana biyun, ka bar ta ta zaɓi wanne dare ne ya fi mata sauƙi, domin ita ta san ranar da take zuwa kasuwa ko islamiyya. Ku yanke abubuwa a fili: ƙarfe nawa za ka shigo, nawa damben zai ci a wata, da abin da ke soke atisaye ba tare da gardama ba, kamar zazzaɓin yaro, ko rashin lafiyarta, ko rasuwa a dangi. Sannan ka ba ta nata lokacin, daidai da wanda ka ɗauka. Idan damben ya ci maka awa uku ranar Asabar, ita ma ta samu awa uku da za ta fita ziyara, ko kitso, ko ta rufe ɗaki ta yi barci, kai kana riƙe da yaran duka uku har da ta goyen. Wannan sharaɗin shi yake riƙe sauran, kuma shi maza suka fi saurin mantawa bayan mako biyu.

Dararen da ka ƙwato kuma su zama na gida da gaske. Idan ka daina zuwa Bukom ranar Litinin amma ka zarce zaman ataya da abokai har goma, ba ta ga canji ba, kuma za ta yi gaskiya idan ta ce ba dambe ne matsalar ba.

Yanzu hannunka, wanda a ganinmu shi ya fi komai gaggawa cikin wasiƙarka. Kai da yatsu kake cin abinci. Mai riƙe ƙaramin sukurdireba da ƙarfen soda a kan allon waya ba shi da halin ya yi wasa da ciwon wuyan hannu. Dalilin da yake zuwa maka a mako na uku sananne ne: tsoka da numfashi suna saurin dawowa, musamman ga wanda ya taɓa yin wasan, amma jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi suna ɗaukar watanni kafin su yi ƙwari. Kafaɗarka ta tuna yadda ake sakin naushi mai nauyi, wuyan hannun kuwa ya yi shekaru bai ɗauki irin wannan duka ba. Ƙara da gajiya, wadda take sa hannu ya lanƙwashe a ƙarshen turmi, sai ciwo.

Ka sayi bandejin dambe mai tsawon mita huɗu da rabi, biyu-biyu har kashi biyu, don ɗaya yana shanya kana amfani da ɗaya. Gajeren nan na mita biyu da rabi bai isa hannun babban mutum ba. Yadda za ka naɗa: saka madaukin a babban yatsa, ka ja bandejin ta bayan hannu, ba ta tafin ba, don idan ka dunƙule ya ƙara ɗaurewa. Zagaya wuyan hannu sau uku. Haura ka zagaya ƙullin yatsu sau uku, yatsun a buɗe a warwatse. Dawo wuyan hannu, sannan ka ratsa tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ka sake dawowa wuyan hannu, ka ratsa tsakani na gaba, haka har tsakani uku. Zagaya gindin babban yatsa sau ɗaya, ragowar duka ka ƙarar da shi a wuyan hannu, ka haura kaɗan zuwa damtse. Gwajinsa shi ne idan ka dunƙule ka ji hannun ya zama dunƙule guda, idan ka buɗe kuma babu tsami ko sanyin yatsu. Farce ya canza launi ko yatsa ya fara mutuwa, ya yi tsauri, kwance ka sake.

Naushi ya sauka a kan ƙulli biyu na farko, na manuni da na tsakiya, bayan hannu da damtse a miƙe layi ɗaya. Idan ya sauka a gefen ƙaramin yatsa, ƙashin da ke bayansa siriri ne, shi ne yake karyewa har likitoci suna kiran wannan karaya da sunan 'yan dambe. Tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta haɗe, wani lokaci fiye, kuma ka san abin da mako shida ba gyaran waya yake nufi ga kuɗin cefane. Safar dambe, lambar da ke jikinta nauyinta ne da oza: ga mai jikin magidanci, 14 ko 16 ta fi kare hannu ko a kan buhu. Ka matsa kushin da ke kan ƙullin yatsu da babban yatsanka, idan kana jin ƙashinka ta ciki, safar ta mutu ko da fatarta na sheƙi. Bayan atisaye ka fitar da ita daga jaka ta sha iska, domin a danshin Accra safar da ta kwana a rufe da gumi tana kawo wari da ƙaiƙayin fata.

Mako huɗun farko ka daki buhu da rabin ƙarfinka, turmi uku kawai. Saurin hannu da daidaiton ƙafa ka sa a gaba. Idan ciwon yana nan ko ba ka yin komai, ko akwai kumburi, ko ka ji zafi idan aka danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, ka je asibiti a ɗauki hoton ƙashi kafin ka sake taɓa buhu. Akwai ƙaramin ƙashi a wannan wuri da yake tsagewa mutum ya ɗauka targaɗe ne, kuma ba ya saurin warkewa idan aka bar shi. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu damar yin atisaye. Yana rufe maka gargaɗin da jiki ke yi ne kawai, kuma irin su diclofenac a cikin da babu abinci, jiki kuma ya zubar da ruwa, suna cutar da ciki da ƙoda. Tramadol kuwa, wanda muka ga abin da ya yi wa matasa a unguwanninmu, ko kusa da jakarka kada ya zo.

Idan kana son rataya buhu a gida, kada ka cika shi da yashi zalla. Yashi yana sauka ƙasa ya dunƙule ya yi tauri, naushi ɗaya a wurin ya isa ya jawo abin da muke gudu. Ƙyallayen da tela ke zubarwa, a danna su sosai, sun fi. Amma gaskiya atisayen gida ba ya buƙatar buhu, kuma hannunka zai fi son haka.

Ga yadda minti 25 ɗin za su kasance, bayan ka dawo sallar asuba, kafin gida ya tashi. Minti huɗu na ɗumama jiki: juya wuya, kafaɗu, ƙugu, gwiwoyi da idon sawu, da ɗan gudu a tsaye. Sai tsallen igiya, turmi uku na minti biyu, hutun minti ɗaya tsakani. Tsawon igiyar, idan ka taka tsakiyarta hannayenta su kai hammata. Ka sa takalmin atisaye, ba silifas ba, kuma idan tsakar gidan siminti ne ka shimfiɗa tabarmar roba, domin tsalle a kan siminti tsirara shi ke kawo ciwon ƙwauri. Tsallen ya zama ƙasa-ƙasa, igiya ta wuce kawai. Bayan hutun minti ɗaya sai naushin iska, turmi biyu na minti uku kamar yadda ake yi a fage, hutun minti ɗaya tsakani. Kowane turmi ka ba shi aiki guda da koci ya gyara maka a zuwanka na ƙarshe, misali mayar da hannun hagu haɓa bayan ka jefa shi, ko fita gefe bayan naushi biyu. Naushin iska ba tare da manufa ba yana ƙara dasa kuskure ne. Minti biyar na ƙarshe na ƙarfi ne: tsuguna ka tashi sau goma sha biyar, ka kwanta rub-da-ciki ka ɗaga jiki da hannuwa sau goma, ka tsaya a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe daƙiƙa talatin, ka maimaita. Idan tafin hannu a ƙasa yana tayar da ciwon, ka yi shi a dunƙule a kan tawul. A gidan haya kuma ka tuna da maƙwabta, ƙararrawar turmi a waya ka riƙa jin ta ta abin sawa a kunne.

Ka ajiye igiya da takalmi a bakin ƙofa tun dare. Da asuba neman kaya na minti biyar ya isa ya sa mutum ya koma gado.

Barci kuwa ba a taɓa shi. Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye, kuma a cikin barci jiki yake gyara abin da atisaye ya taɓa. Mai tashi huɗu da rabi ya kamata ya kwanta wajen tara da rabi. Shi ya sa safiyar da ta biyo daren Bukom ba ta atisaye ba ce. Haka nan idan jaririya ta hana ku barci, ka bar igiya a wannan safiya, ka karɓi yarinyar uwarta ta samu awa ɗaya. Ataya mai ƙarfi bayan magariba ka rage ta, domin abin da ke hana barci a cikinta yana ɗaukar awanni bai bar jini ba.

Abinci ba shi da wahala. Ranar Bukom ka ci abinci mai nauyi, waakye, wato shinkafa da wake, ko tuwon zafi, awa uku kafin atisaye, ba ƙarfe biyar da rabi a bakin shago ba. Idan yunwa ta taso, ayaba da ɗan gyaɗa awa guda kafin ka fara sun isa. Bayan atisaye ka samu abin gina jiki, ƙwai, kifi, wake ko fura da nono. Koko da ƙosai bayan atisayen asuba sun yi daidai, sukarin kawai za ka rage tunda tumbi kake yaƙa. Ruwa, leda ɗaya rabin lita ce: ka sha ɗaya awa guda ko biyu kafin atisaye, ka riƙa kurɓa tsakanin turmi. Idan akwai sikeli a wurin, ka hau kafin da bayan atisaye. Kowane kilo da ya tafi kusan lita ɗaya ce ta gumi, ka mayar da ita da ɗan ƙari kafin ka kwanta, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu da zafi ke tsananta. Rigar leda da wasu ke sawa don su yi gumi ruwa take fitarwa, kitse yana nan, kuma tana iya jawo jiri da suma. Tunda ka kai 37 kuma ka daɗe a zaune, ka sa a yi maka awon hawan jini. Idan yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, ka ga likita kafin ka ƙara nauyin atisaye.

Ka zauna da kocinka ka gaya masa gaskiya: ba gasa kake nema ba, sau biyu za ka riƙa zuwa, hannunka kuma jarinka ne. Ka roƙi ya fi ba ka aikin fad, wato kushin da yake sawa a hannu kana nausa, domin ya fi buhu sauƙi ga gaɓoɓi kuma a nan ake gyara kuskure. Ka tambaya ko za a iya daidaita kuɗin da yawan zuwanka. Koci nagari yana son ɗalibi mai zuwa kullum a ranarsa fiye da mai zuwa da zafi ya ɓace.

Batun sa safa ku biyu ku gwada hannu, a nan muna da tsauri. Wata ukun farko babu. Bayan haka, idan kana so, sau ɗaya a mako biyu, da safa mai lamba 16, da robar haƙora, da wanda ya san ya riƙe hannunsa, koci yana tsaye. Yaro mai shirin gasa ba abokin gwajinka ba ne, shi yana neman wanda zai gwada ƙarfinsa a kai. Mun fi so ma ku tsaya a jiki ku bar kai. Hular kariya tana rage tsagewar fata da kumburi, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Sannan akwai hadisi ingantacce da ya hana dukan fuska, kuma malamai sun yi magana a kan dambe saboda shi, don haka ka tambayi malaminka. Igiya, buhu, fad da naushin iska ba sa buƙatar ka daki fuskar kowa. Idan har ka sha naushi a ka, ka ji jiri, ciwon kai, ganin dishi-dishi ko mantuwa, atisayen ranar ya ƙare nan take. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa ko barcin da ba a saba ba, asibiti kai tsaye, Korle Bu tana kusa da Bukom. Ko 'yan damben da ba na kuɗi ba, dokarsu tana hana wanda aka sumar komawa fage aƙalla kwana 30. Ka gaya wa uwargida waɗannan alamomi, domin ita za ta fara gani da dare.

Za a yi makonnin da tsarin zai rushe, ka sa wannan a ranka tun yanzu. Auren ɗan'uwa ranar Lahadi, suna, addu'ar mamaci, ruwan saman Yuni da ke tsayar da hanya, aikin gaggawa a shago. A irin wannan mako mafi ƙarancin abin da za ka riƙe shi ne atisayen gida biyu, ko da minti goma sha biyar ne. Ranar da ta wuce ta wuce, ba a ramuwarta da haɗa kwana biyu a jere, don ta nan tsohon halin yake dawowa. Idan hutun ya wuce mako biyu, makon dawowa ka yi rabin abin da ka saba. Zazzaɓi kuma ba a atisaye da shi sam. Idan maleriya ce, ka gama maganin kwana ukun nan duka, ka ƙara 'yan kwanaki jiki ya dawo, ka fara da tafiya da naushin iska kafin igiya.

Da azumi ka sauke Bukom zuwa sau ɗaya ko ka ajiye ta gaba ɗaya. Minti ashirin na naushin iska mai sauƙi dab da shan ruwa, ko igiya bayan tarawihi idan ba za ta ci barcinka ba, sun isa su riƙe maka abin da ka tara. Buhu mai nauyi da gwajin hannu da baki a bushe babu su.

Yaron kuma, kada ka kore shi, don sha'awarsa tana iya zama abin da zai mayar da damben na gida maimakon abokin gabar gida. Safiyar Asabar ko Lahadi da ba shi da makaranta da wuri, ka ba shi tasa igiyar, ka koya masa tsayuwa da takun ƙafa, ka riƙe masa tafin hannu ya taɓa a hankali. Minti goma sun ishe shi, kuma na tsakiyar, mace ce ko namiji, a sa shi ciki. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a daki kan yaro mai shekara tara. Ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya tare a 2011 suna hana yara damben boksin saboda raunin ƙwaƙwalwa. Idan yana son aji na sosai, judo ko taikwando na yara sun fi dacewa, da sharaɗin ka je da kanka ka ga yadda malamin yake tafiyar da su, ka kuma tambaya ko ana barin ƙanana su daki kai.

Ka riƙe wannan tsari mako shida ba ƙari ba ragi, kana sa alama a kalandar da ke rataye inda uwargida ma take gani. Kowace safiya kafin ka tashi daga gado ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. Idan yana sauka sannu a hankali, atisayen yana aiki. Idan ya haura abin da ka saba da kamar bugu goma kwana biyu a jere, gajiya ce ko ciwo na tafe, ka huta ranar. Ƙarshen mako na shida ka duba wuyan hannunka, ka tambayi uwargida ko an cika mata alƙawarin awanninta da lokacin shigowa. Idan duka biyun lafiya, ka ƙara turmi ɗaya a kan buhu da minti ɗaya a kowane turmin igiya, kwanakin kuma su tsaya yadda suke har jaririyar ta fara tafiya, sannan ku sake zama ku duba.